Wa Ya Zauna a Kujerar Barkono?

"Injiniya, abincin nan ya huce fa!"

"Minti biyu, 'Yar Firit!"

Minti biyun Injiniya kuwa awa biyu ne, kowa ya sani. 'Yar Firit ta leƙa ta tagar kicin. Ƙafafun mijinta kawai take hangowa a gareji, sauran jikin yana ƙarƙashin Barkono, jar motar tseren nan tasa mai ƙofa biyu, wadda cikinta ya kusa shafar ƙasa. Wata takwas da aurensu, ta fi sanin tafin takalmansa a kan fuskarsa.

Ta kumbura wuya, ta ari muryarsa: "Kin ji salansar nan kuwa? Saurara... wannan ba ƙara ba ce, waƙa ce!" Ta dawo tata muryar, ta murguɗa baki. "To waƙar ta ba ka abinci!"

Duk da mitar, zama da shi ya sa ta haddace motar. Ta san kujerar direban ba irin wadda ake ja gaba a tura baya ba ce. Kujerar tsere ce mai zurfi kamar kwano, an ɗaure ta da notuna huɗu daidai tsawon ƙafafun Injiniya, mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Kafin aurensu ta taɓa zama a kai, ta miƙe ƙafa iya miƙewa, babban yatsanta ko shafar kuloci bai yi ba. Ta ce, "Wata rana sai na tuƙa ta." Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Sai dai in an yi miki ƙarin ƙafa."

Ranar Talata da hantsi, bayan ya tafi wurin aiki a babur, ta shiga gareji kwaso kofunan da yake tarawa. Ta kalli cikin motar, sai ta tsaya cak.

Kujerar ta matso gaba. Ba kaɗan ba, fiye da taƙi guda! Ta buɗe ƙofa ta durƙusa. Sababbin huji, sababbin notuna suna walƙiya, har da ƙarfen da aka ɗaga kujerar sama da shi. Wannan ba aikin minti biyu ba ne, aikin kwanaki ne, kuma don gajeren mutum aka yi shi. Wani ƙamshin turaren mata ya daki hancinta. A lungun kujerar ta tsinto ɗan kunne guda, na zinare.

Sai ta tuna: makon jiya, kwana uku a jere, da Barkono ya je aiki, yana dawowa yana fito.

Ta buga wa yayarta waya. Kafin azahar Yaya ta iso, mayafi a kafaɗa, tana haki kamar ita aka yi wa.

"Ban faɗa miki ba? Ban faɗa miki ba!" Yaya ta juya ɗan kunnen a tafin hannu. "Namijin da ke goge mota da ƙyalle uku, ai ba don ke yake gogewa ba. Ke ya ce a yi miki ƙarin ƙafa, wata kuma ya matso mata da kujera!"

"Yaya, ko wani dalilin ne..." Hawaye suka ƙwace mata.

"Dalilin me? Motar ce ta sa ɗan kunne? Tashi ki ɗebo sukari kofi guda ki juye a tanki. Injin ya ƙone, a huta. Sai ki haɗa akwati mu tafi gida, ya zo ya same ki a gaban Baba."

Ta ɗebo sukarin. Ta buɗe murfin tankin, warin fetur ya taso. Yaya tana bayanta tana cewa, "Juye mana! Jiran me kike?"

Idonta ya sauka kan teburin aikinsa, inda sifanu ke jere daga ƙarami zuwa babba. Shekara biyu ya yi yana haɗa injin nan da hannunsa, tabon ƙuna yana nan a wuyan hannunsa na dama. In ta juye, ko da gaskiya ce da ita, babu sauran magana tsakaninsu. In kuma ba ta da gaskiya fa?

Ta mayar da murfin, ta murɗa shi har ya yi ƙas.

"Ba zan zuba ba, Yaya. Wurin Umma zan je, ta tambayar min ɗanta."

"Uwarsa? Sakarya! Ki je ta ba ki haƙuri, ki dawo ki ci gaba da wanke kofuna!"

Umma, surukarta, ba ta taɓa kiran motar da sunanta ba, sai dai "akwatin ƙarfen nan". 'Yar Firit ta yi sallama ta same ta kwance a kan kafet a falo, ta tokare baya da filo, tana nishi.

"Umma, lafiya?"

"Ina fa lafiya, 'yar nan! Mijinki ya kusa karya ni. Zo ki danna min nan."

Ta durƙusa za ta danna, sai ƙamshin ya taso mata. Shi ne! Turaren da ke cikin Barkono. Ta ɗaga ido a hankali. Kunnen Umma na dama da ɗan kunne, na hagu babu.

"Kwana uku yana ɗaukata zuwa wajen aikinsa," Umma ta ci gaba, ba ta lura ba. "Ya cusa ni cikin akwatin ƙarfen nan, gwiwoyina a haɓa. 'Umma, taka kuloci! Umma, har ƙasa! Umma, kina hango hanya?' Ya fito da ni, ya kwance noti, ya huda ƙarfe, ya sake cusa ni. Na ce, ɗan nan, a tsufana za ka mai da ni ma'auni? Wai a hoton aurenku ya gano tsawonmu ɗaya da ke, in ya auna da ke ba-zatar ta lalace..." Ta toshe baki. "Af! Ya ce kada in faɗa!"

'Yar Firit ta buɗe tafin hannunta, ɗan kunnen yana ciki, ta fashe da kuka. Umma ta dubi ɗan kunnen, ta dubi fuskarta, ta gane komai. Da ta ji zancen sukari kuwa, sai da ta tashi zaune, ciwon bayan ya gudu.

"Da kin juye, da motarki kika ƙona, da aurenki, da wahalar bayana! Allah Ya yi miki albarka da kika riƙe hannunki." Ta share mata hawaye da gefen mayafi. "Amma shi ma sai na ja masa kunne. Wa ya ce masa ana barin mace wata takwas tana hira da takalma?"

Ranar Asabar da safe Injiniya ya rufe mata ido da tafin hannu, ya kai ta gareji, ya damƙa mata makulli. Ta zauna. Kujerar ta rungume ta kamar da ita aka ƙera ta, ƙafarta ta take kuloci har ƙasa.

"Ba ki yi mamaki ba?" Ya tsura mata ido.

Ta dafe baya, ta yamutsa fuska, ta saki muryar Umma sak: "Ɗan nan, a tsufana za ka mai da ni ma'auni?"

"Kai, Umma!" Ya dafe kai. "Ta faɗa min sauran ma. Laifina ne, 'Yar Firit. Ina ta gyara miki wurin zama a mota, na bar ki ke kaɗai a cikin gida. Ki yafe min."

"Ni ma ka yafe min. Shiga, malam, ka ɗaura bel."

Sau uku motar tana mace mata kafin su fita ƙofa. A na huɗu Barkono ta yi gurnani ta hau titi, Injiniya a naɗe a gefe, yana riƙe da ƙofa yana salati. Sukarin nan kuwa, a shayin da ta haɗa wa Yaya da yamma ya ƙare, ta shanye shi tas.

'Yan'uwa mata, abin da ido ya gani cikin kishi rabin labari ne, ki riƙe hannunki har ki ji ragowar. Ku kuma maza, in kuna shirya mana alheri, ku riƙa fitowa daga ƙarƙashin mota mu ga fuskarku.