Tankar Zailin

"Sauko, ɗan iska! Sauko!"

Gatari, shugaban 'yan fashin, ya finciko direban tankar ya buga shi da kwalta. Rana tsaka ce, motar ba ta ma yi nisa da matatar mai ba. Direba ya ɗaga hannu. Gindin bindiga ya sauka a bakinsa!

"Ba fetur ba ne, wallahi! Zailin ne!"

"Shi muka zo ɗauka, shege."

Gaurayen zailin ne, irin wanda matatar ke fitarwa daga ɗanyen mai, masu fenti su saya su tsinka kayansu. Ɗan Fenti ne ya kawo wa Gatari aikin, ya ce yana da mai saye. Auta, ƙanin Gatari, ya haye kujerar direba ya fizgi motar.

Wani tsohon sito mara taga suka shiga da ita. Suka rufe ƙofar ƙarfe, suka jera durom-durom, Auta ya riƙe tiyo. Wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika wurin. Idanu suka fara yaji, kai ya fara sarawa.

A caji ofis, direba yana tofar da jini yana yi wa Sufeto bayani.

"Akwai na'urar bin sawu a ƙarƙashin motar, Yallaɓai."

"Ku tashi!" in ji Sufeto. "Kuma duk wanda ya yi harbi kusa da tankar nan, ni zan kashe shi kafin wuta."

A sito, Ɗan Fenti ya duba wayarsa. "Oga, ba sabis. Bari in kira mai sayen daga waje."

Ya fita. Sai ƙarar kwaɗo a ƙofa — ƙwas!

Gatari ya doki ƙofa da kafaɗa. "Buɗe, munafuki!"

"Ku ɗan huta, Oga. Kayan nan ya fi kyau a hannun mutum ɗaya."

Gatari ya saita bindiga a kan ƙofar.

"Yaya, kar ka harba… za mu ƙone…"

Auta bai ƙarasa ba ya zube. Tiyo ya suɓuce, zailin ya malale ƙasa. Gatari ya yar da bindiga, ya ja ƙaninsa zuwa 'yar kafar da ke ƙasan ƙofa, ya manna masa hanci.

"Ja iska, Auta! Ja, don Allah!"

'Yan sanda sun tarar da Ɗan Fenti zaune a kan taya, makulli a hannu, yana jira. Ko gudu bai samu yi ba.

Da aka buɗe, Gatari ya farfaɗo da ƙyar. Auta bai farfaɗo ba.

Ankwa ɗaya aka ɗaura wa Gatari da Ɗan Fenti a bayan mota, gawar Auta a gabansu.

"Yallaɓai, a raba mu!" Ɗan Fenti ya yi ihu. "Zai kashe ni!"

Sufeto ya rufe ƙofar motar.