Allin Da Ke Cikin Gam

Ulyana ta kai cokali baki, sai ta tsaya cak. Wata uku ba a ga madara a garin ba, amma ga miya fara fat.

"Mama, wannan ai warin gam ɗin wurin aiki ne!"

"Ci ki rufe mana baki," in ji uwarta Agafya. "Ai da madara ake yin gam ɗin."

Tun da yaƙi ya ɓarke, masana'antar kujerun garin ta koma ƙera manyan jiragen sama na katako marasa inji, wani jirgi ya ja su da igiya, ya sake su maƙil da sojoji. Gam ne ke riƙe da komai, kuma babanta Yefim ke dama shi.

"Baba, me ka zuba a madadin wanda ka ɗebo?"

Ya sunkuyar da kai. "Alli... ɗan kaɗan."

Jibi Rodion, wanda za ta aura, zai gwada sabon jirgin.

"Kina buɗe baki za su harbe ubanki!" Agafya ta damƙe mata hannu. "Saurayi ana sake wani, uba fa? Don cikinki ya yi satar, 'yar butulci!"

Ulyana ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ba ta tona ba. A wurin gwaji buhunan yashi ake ɗorawa a kujerun sojoji, ita kuwa ta roƙa a cire ɗaya a sa ta.

"Buhun bai da surutu," Rodion ya ce yana ɗaure mata bel, "amma na yarda kin fi shi kyau. Kai — hannunki ƙanƙara!"

Ta taga ta hangi Yefim cikin ma'aikata, shi ma ya gan ta. Aka maƙala igiya. Injin jirgin gaba ya fara ruri.

"Ku tsaya! Ku tsaya!"

Tsohon ya sheƙo da gudu, ya kama bakin fiffiken ya rataya da duk nauyinsa. Ɓaras! Katakon ya ɓare kamar busasshen burodi.

"Ni na dama gam ɗin," ya ce. "Ni kaɗai."

Ba su harbe shi ba. Shekara huɗu ya yi a ɗaure yana saran itace a arewa, shekara huɗu Agafya ba ta amsa gaisuwar 'yarta. Rodion ya je yaƙi ya dawo da ɗingishi, bai nemi wata ba.

Da Yefim ya dawo, ba haƙori ko ɗaya, shi ya ƙera akwatin aurensu. Ya tura wa Rodion.

"Ja da ƙarfi, ɗana."

Rodion ya ja har ya yi gumi, haɗin gam ɗin ko motsi bai yi ba.

'Yan mata, ku ji ni da kyau: kada ku sayi rufin asirin gidanku da ran ɗan wani. Ulyana ta ba ubanta damar faɗin gaskiya da bakinsa, ta yi haƙuri, ga shi uban da mijin duk sun zauna mata.