Sabon Gicciye a Hanyar Maƙabarta

"Zan nuna maka wani abu," in ji tsohuwa Hilja, "amma da sharaɗi. Ba za ku kawo zarto ku yanke itacen ku kai ofis ba. Na san halinku, kome kuka gani sai kun jefa a leda."

"Inna, hoto kawai zan ɗauka," in ji Sufeto Valdur.

"Miƙo hannu."

Ya miƙa, suka ƙulla. Hannun nata sanyi ƙalau.

Kwana uku ke nan ana neman wani baƙo, Vidas Norkus, mutumin Lituwaniya. Shi da matarsa Ramune sun taso a ƙafa don buɗe ido, sun ratsa Latbiya, suka yada zango a wannan ƙauye na kudancin Estoniya. Ran Talata ƙafarta ta kumbura, shi kuwa ya ce sai ya ga babbar fadama. Ya ɗauki sandunansa biyu na tafiya ya fita, bai dawo ba. An kawo karnuka, sun dawo da laka kawai. Ga shi masu hasashe sun ce jibi ƙanƙara za ta sauko. In ta rufe fadamar, babu mai ganin kome sai bayan wata biyar, matar kuwa tana zaune bakin taga, ta ƙi cin abinci.

Hilja ta yi gaba, Sufeto na biye, suka kama hanyar maƙabarta. Hantsi ya yi, amma hazo bai ɗaga ba. Dogayen itatuwa dama da hagu, kowanne jikinsa cike da gicciye, wasu sun yi baƙi, wasu ɓawo ya kusa haɗiye su. Ko kukan tsuntsu babu. Valdur ɗan yankin ne, ya san abin: in an ɗauko gawa, nan ake tsayawa, namiji ɗan uwan mamacin na jiki ya yanka gicciye da wuƙa, a kurɓi barasa, don mamaci ya san iyakarsa, kada ya juyo gida.

Tsohuwar ta tsaya ta nuna wani itace da haɓa.

Gicciyen da ke jikinsa sabo ne, fari tas. Valdur ya taɓa, ƙaro ya maƙale masa a yatsa.

"Wa aka binne makon nan?"

"Rabonmu da jana'iza tun watan takwas. Ni ce ta gaba a layi, ga ni kuwa tsaye."

A gindin itacen ga ƙaramin kofi a kife, da guntun baƙin burodi.

"Itacen wane gida ne?"

"Namu. Wancan gicciyen na uwata ne, wancan na ƙanwata. Namiji ɗaya ya rage mana, ɗanta Kaupo."

Valdur ya san sunan. Kaupo ne mai masaukin da baƙin suka sauka, shi ke ja wa masu yawo gora cikin fadama. Ran farko ya ce ya raka Vidas bakin hanyar katakon da aka shimfiɗa cikin fadamar ya juyo.

Sufeto ya same shi bayan gidansa yana faskare, ido jawur.

"Kaupo, ba ka barci ne?"

"Aiki ne, yallaɓai."

"Wa ya rasu muku? Ban zo gaisuwa ba."

Gatarin ya tsaya a sama. "Kawuna, ƙanen babana. A Finland. Can aka binne shi, na ce bari in yi masa abin da ya kamata."

"Allah sarki. Wane kawun?"

"Juhan."

"Juhan mai gyaran jirgin ruwa? Mun yi makaranta da ɗansa." Sufeto ya ciro waya, ya buɗe murya, ya buga lambar gidan Juhan. Ba a jima ba wani tsoho ya karɓa yana tari, yana tambayar wane ɗan banza ne ya katse masa cin abinci.

Valdur ya kashe. "Mamacin naku da sauran ƙarfi."

Kaupo bai yi dariya ba.

A rumfar ajiya Sufeto ya ga faffaɗan takalman taka fadama rataye, da ɗanyen gansakuka a jikinsu. Mai tsayawa bakin katako ba ya bukatarsu. Ga bindigar farauta, an goge ta da mai, ita kaɗai ce ba ƙura a rumfar.

"Ka harba ta kwanan nan."

"Tun bara ban taɓa ta ba."

"To. Ka ce ba ka shiga fadama ba, takalma sun ce ka shiga. Ka ce kawu ya mutu, kawu ya zage ni. Wanda duk ya yanka gicciyen nan ya san an mutu tun muna neman mai rai. Wa ka yi wa?"

Kaupo ya waiga wajen dajin, ya rage murya.

"Yallaɓai, kai ba ka ji ba?"

"Me?"

"Sandunan. Ƙwas, ƙwas. Da na juya baya sai in ji su, ko da rana tsaka. Jiya har bakin rijiya." Ya zauna kan gungume. "Na raka shi na juyo, wannan gaskiya ne. Sai na koma da bindiga ta wata hanya, na ga sawun barewa. Ba ni da takardar izinin farauta. Hazo ya rufe, na ga abu ya motsa inda babu katako, na harba. Me ya sauke shi daga katako? Na gaya masa kada ya sauka!"

"Yana ina?"

"Tafki na uku, gefen busasshen itace. Na ɗaura masa dutse." Ya share fuska. "Ba wanda ya yi masa addu'a, ba wanda ya nuna masa iyaka. Ai dole ya biyo ni. Na ce in na yanka masa zai tsaya."

"Ya tsaya?"

"A'a."

Valdur ya sa masa ankwa. Suna tafiya wajen mota sai ya lura kunnensa na kan dajin, ya tsargu da kansa, ya ƙara sauri.

Washegari aka ciro Vidas. Ruwan fadama ya rina shi ja, amma fuskar na nan kamar mai gyangyaɗi. Da la'asar ƙanƙara ta fara zuba, ta riga lokacin da aka faɗa.

Ramune ta samu gawar mijinta ta kai gida, in wannan samu ne. Sufeto ya rufe fayil. Kaupo ya rasa shekarunsa a gidan yari. Amma in ka tambaye ni, babbar asara ta Hilja ce. Tun kallon farko ta gane yankan wuƙar ɗan ƙanwarta, ta kuma taka da ƙafarta ta kira 'yan sanda. Yanzu ranar da za a wuce da ita ta hanyar nan, babu namijin gidansu da zai tsayar da mota ya yanka mata gicciye.