Gurnanin Na'ura a Ɗakin Ajiya

Magariba ta kawo jiki, Injiniya yana zaune gaban kwamfuta, sai tsakuwa ta faɗo a kan rufin kwano. Aka sake jefo wata. Ya leƙa waje, babu kowa.

Tun da ya girka babbar na'urar wani asibiti a ɗakin ajiyarsa, kwanciyar hankali ta ƙaurace wa gidan. Sunayen majinyata miliyoyi ne a cikinta. Duk sanda aka nemi suna daga asibiti, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tun daga farko, tana gurnani, ɗakin ya ɗauki zafi kamar tanda. Ya san maganin abin, kullum dai sai ya ce gobe.

Daga jifa aka koma jin murya a bayan ƙofa. Rannan 'yarsu Auta ta ajiye cokali, ta ƙura wa bango ido, ta yi wata dariya da ba tata ba.

"Baban Auta," in ji matarsa, "wannan ba 'yata ba ce."

Aka ɗauko malam. Ya dafa kan yarinyar, ya daɗe yana karatu, sannan ya ce, "Wane ne kai?"

"Wace dai," muryar wata tsohuwa ta amsa daga bakin Auta. "Na riga ku zama a ɗakin can. Ƙarfen nan ya hana jikokina sakat. A kashe shi."

"Ranki ya daɗe," in ji Injiniya, "in na kashe, likita ba zai ga bayanin mara lafiya ba."

"To ka rufe masa baki. In ba haka ba, da yarinyar zan tashi."

"In ya yi shiru, kin rabu da jikin nan har abada," in ji malam.

"Na yarda."

Injiniya ya jawo kwamfuta. Ya sa na'urar ta daddatsa kowane suna haruffa uku-uku ta gina fihirisa, don ta riƙa zuwa kan suna kai tsaye. Maimakon sauƙi, sai gurnanin ya ninka. Auta ta sandare.

"Yaudara!" in ji tsohuwar.

"Haka ginin fihirisar yake, Iya, ki yi haƙuri!" in ji Injiniya.

Malam ya ɗaga murya da karatu. Ƙofofi suka yi ta bugawa, uwar ta rirriƙe ƙafafun 'yarta.

Can ƙarar ta lafa. Injiniya ya rubuta wani suna, kafin ya ɗauke yatsa sunan ya fito. Gidan ya yi tsit.

Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki. Ta buɗe ido, ta dubi malam, ta dubi uwarta.

"Mama, me ya sa Baba yake kuka?"