Ƙafar Da Waliu Ya Saki

Wata Laraba da la'asar, 'yan watanni bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula, Falmata tana tsakar gidansu a Fagge tana tsince shinkafa. Tsintar dai suna ce, don kunnenta duka yana wajen mahaifinta Alhaji Abdulƙahhar da yayanta Hambali, waɗanda ke zaune a inuwa suna maganar aurenta.

"Baba, ni fa ban yarda da yaron nan ba," in ji Hambali. "Ba don Bayerabe ne ba, na san Musulmi ne ɗan Musulmi. Amma mutumin da bai iya tsayuwa ya yi kokawa kamar namiji ba, sai dai ya zube ƙasa ya cakumi ƙafar mutane, shi za a ba ƙanwata?"

Yaron da ake magana a kansa Waliu ne, ɗan Alhaji Raji na Sabon Gari, mai gyaran keken ɗinki. Shekara biyu ke nan yana zuwa zance wurin Falmata, kuma ita dai in ba shi ba, to babu. Matsalar ta samo asali ne daga kulob ɗin Koci Obinna, wani tsohon soja da ya ajiye kaki ya buɗe wurin koyar da wata baƙuwar kokawa. A wannan kokawar kayarwa ba ta gama wasa. Sai an shaƙe mutum ko an murɗe masa gaɓa, har ya bubbuga katifa da tafin hannu alamar ya sallama. In lokaci ya cika ba wanda ya buga, sai a duba maki. Hambali tsohon zakaran kokawar gargajiya ne, ya shiga kulob ɗin da ƙarfinsa da girman kansa. Waliu kuwa siriri ne kamar a hure shi, amma in ya kama ƙafar mutum, sai dai wani ikon Allah.

Alhaji ya rage muryar rediyonsa ya ce, "Ni ban ga aibun yaron ba. Amma ba zan ɗaura aure gidana a rabe ba."

"To Baba, ga hanya mai sauƙi. Ranar Asabar ni da shi ne a fainal ɗin gasar kulob. In ya sa na buga katifa, na janye bakina. In ya kasa, ya nemi wata."

Kaka Yakaka, mahaifiyar Alhaji, ta leƙo daga ɗakinta da carbi a hannu. "Kai ja'iri, auren jikata ne ya koma filin kokawa? Kai kuma Abdulƙahhar kana zaune kana ji?"

Alhaji mutumin kirki ne, amma tun da Hambali ya karɓi ragamar shagon atamfarsa na Kantin Kwari, ba ya iya ce masa a'a. Ya kau da kai ya ce to a yi hakan, kowa ya huta. Falmata ta ajiye tire ta shige ɗaki tana kuka.

Washegari da Waliu ya zo zaure, ta kwashe labari duka ta gaya masa. Ta zaci zai yi murna, sai ta ga ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Mene ne kuma? Ba kai ne aka ce babu mai tsere wa kamunka ba?"

"Falmata, ki gane. Yayanki ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, ba ni da hanyar cin sa sai makullin dunduniya. Shi kuma wannan kamun mugu ne. Dunduniya ake murɗawa, amma gwiwa ce ke ɗaukar wahalar. Kuma ba ya zafi. Mutum yana dariya zai ji jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Wanda ya san wasan, da ya ji an kulle shi yake bugawa, ba ya jiran ciwo."

"To ai sai ya buga."

"Yaya Hambali? Tun da ya zo kulob bai taɓa buga katifa ba. Ya ce ɗan kokawa ba ya roƙon a sake shi."

Ran Falmata ya ɓaci, ta faɗi maganar da daga baya ta daɗe tana istigfari a kanta. "To ka murɗa har sai ya ji a jikinsa. Shi ya jawo wa kansa. Filis Waliu, ni dai kar ka bari a raba mu."

Ya yi mata sallama ya tafi.

Ranar Asabar Kaka Yakaka ta yafa mayafinta ta ce ƙafarta ƙafar Falmata, sai ta ga abin da ake yi da idonta. Suka hau tasi zuwa Sabon Gari. Zauren ya cika maƙil, 'yan kasuwa da makanikai da 'yan makaranta, kowa na ihun sunan gwaninsa. Alhaji ma ya zo, ya zauna can gefe yana fifita da hularsa.

Da rafali ya hura usur, Hambali ya sunkuci Waliu ya maka shi da katifa har sai da Falmata ta runtse ido. Da kokawar gargajiya ce da an gama ke nan. Amma Waliu bai ko yi yunƙurin tashi ba. Ya sulale ta ƙarƙashinsa, ya naɗe ƙafar Hambali ta dama da ƙafafunsa biyu, ya tura yatsun ƙafar cikin hammatarsa, ya maƙale dunduniyar da damtsensa, sannan ya haɗe hannayensa. Hambali ya faɗi zaune daɓas. Waɗanda suka san wasan duk suka miƙe tsaye.

"Hambali, buga!" Koci Obinna ne yake ihu da Hausarsa ta bariki. "Ya kulle ka, buga katifa!"

Hambali ya yi dariya, ya ɗaga hannayensa biyu sama don kowa ya gani. "Wannan ne abin da ake ta kururutawa? Ko cizon sauro ban ji ba."

Falmata tana ganin fuskar Waliu sarai. Ya ɗan juya kafaɗarsa kaɗan, ya tsaya. Ya ce wani abu da ba ta ji ba, Hambali ya girgiza kai. Zuciyarta na cewa ƙarasa mana, ƙarasa. Sai kawai ta ga ya buɗe hannayensa ya saki ƙafar.

Hambali bai yi wata-wata ba ya haye kansa, ya danne shi da ƙirji har lokaci ya cika. Aka ɗaga hannunsa, ya ci da maki. Jama'a suka yi ta yi wa Waliu ihun matsoraci. Falmata ta kifa kai a cinyar kakarta ta yi kuka mai cin rai, kuma gaskiya ba Hambali take jin haushi ba a lokacin, Waliu take ji. Ya samu dama a hannunsa ya watsar da ita, ya watsar da shekara biyunsu.

Da gari ya waye Hambali ya kasa zuwa masallaci. Gwiwar ta kumbura suntum, ko taka ƙasa ba ya iyawa. Aka kira wani tsohon maɗori na unguwar, ya zauna ya daɗe yana lallatsa wurin, Hambali na cije leɓe.

"Wa ya riƙe maka ƙafar nan?" tsohon ya tambaya.

"Wani yaro ne a wajen wasa."

"To ka je ka gode masa. Jijiyar ta miƙe har iyakarta, amma ba ta tsinke ba. Da ya ƙara ko kaɗan, ni ba ni da abin da zan yi maka, asibiti ma sai dai su gwada. Da sanda za ka ƙare rayuwarka. Yanzu kuwa sati shida ka warke, in sha Allahu."

 Kaka Yakaka ta dubi Hambali. "Me ya ce maka a lokacin? Na ga bakinsa ya motsa."

Hambali ya sunkuyar da kai. "Cewa ya yi, Yaya don Allah ka buga. Na ce masa sai dai ya karya. Na ji wani abu ya ja a cikin gwiwar, ni na san ya ci ni. Sai ya sake ni." Hawaye suka zubo masa, ƙaton mutum kamar shi. "Baba, na zalunci yaron nan, na zalunci Falmata."

Alhaji ya share fuskarsa da hannun riga. "Ni na fi ka laifi, da na bari aka sa auren 'yata a caca. Tashi, ko ɗaukar ka za a yi sai mun je gidan Alhaji Raji yau."

Haka kuwa aka yi. Hambali yana dogara kafaɗar mahaifinsa suka shiga gidan, ya nemi gafarar Waliu a gaban iyayensa, kuma da bakinsa ya roƙi su turo magabata. Mahaifiyar Waliu, Hajiya Mulikat, sai hamdala take tana share ido.

Da Waliu ya zo zaure da yammacin ranar, Falmata ta kasa haɗa ido da shi. "Sori Waliu. Ni ce na ce ka murɗa. Amma tsakaninka da Allah, ba ka ji tsoron rasa ni ba?"

"Na ji mana. Amma na duba na ga in na karya shi, zan aure ki, shi kuma duk ranar da ya zo gidanmu yana ɗingishi sai kin kalle ni. Ba zan iya zama da wannan kallon ba."

Falmata ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, wannan karon na godiya ga Allah da Ya ba ta mutumin da ya ƙi jin maganarta ranar da ta faɗi ba daidai ba.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a Fagge, Hambali ne yake ta kai da kawo yana tarbar baƙi da ƙafafunsa biyu lafiya lau. 'Yan mata, in za ku zaɓi miji, kar ku tsaya ga ƙarfinsa ko daɗin bakinsa. Ku duba abin da yake yi ranar da ya samu ikon cutar da naku, kuma cutarwar ce za ta biya masa buƙata. Wanda ya haƙura ya saki a wannan ranar, shi ne zai riƙe ku da amana.