Kujera Ta Arba'in da Ɗaya

"Saje, tsakaninka da Allah, mutum nawa ka ƙirga da suna saukowa?"

Direban babbar bas ne ya yi wa maigidana wannan tambaya a bakin ƙofa, ana dab da kiran magariba. Ina tsugune bayan labule ina goge takalmi, ban ɗaga kai ba. Watana biyar ke nan a gidan. Maigidana ya ce arba'in, yadda yake a takarda. Direban ya ce shi dai tun da suka tsaya a wata tsohuwar tasha cikin daji, duk ƙirgen da ya yi arba'in da ɗaya yake samu. Maigidana ya yi dariya, ya ce gyangyaɗi ne. Amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Aikinsa ke nan a bariki. Shi ke rubuta sunayen sojojin da za su yi tafiya, da lambar kujerar kowa, da inda mota za ta tsaya. Wanda babu sunansa ba ya hawa. Kwafin takardar kullum yana aljihun rigarsa, ni ke ciro shi kafin wanki.

Mu huɗu ne a gidan: shi, da ni, da Inna mahaifiyarsa, da ƙanwarsa Auta. Akwai kuma Dogo, wani kofur mai neman Auta, wanda take tsokana wai in ya shiga bas gwiwoyinsa ne ke riga shi isa gari. Ni yakan ce mini matar Yaya. Maigidana bai taɓa amsa gaisuwarsa da fiye da ɗaga gira ba.

A magaribar nan dutsen farko ya faɗo kan kwano. Na fita na ɗauko. Tsakuwar titi ce, baƙa da kwalta, da ɗuminta, tana warin man dizal. Kwana uku ana haka, daga faɗuwar rana sai jifa, har tagar ɗakin Inna ta fashe. Ba a ga kowa ba.

Rana ta huɗu na tarar da Auta zaune a kujera, ta miƙe sak, hannuwa a kan gwiwa, jikinta yana rangaji kamar na wanda ke cikin mota. Inna ta dafa kafaɗarta. Hannu ɗaya Auta ta sa ta maka ta da bango, haƙorin Inna na gaba ya faɗi a siminti. Maigidana ya rungumo ta, ta kafa masa haƙora a damtse har na ji ƙarar naman. Maƙwabta uku suka shigo, sojoji majiya ƙarfi, ta watsar da su, ta shiga buga goshinta da dokin ƙofa, jini yana bin hancinta. Da igiyar shanya aka ɗaure ta.

Malamin da aka ɗauko tsoho ne siriri. Ya zauna a ƙasa kusa da kanta ya fara karatu a hankali, bai ko kalle mu ba. An jima sosai kafin bakin Auta ya buɗe, wata murya ta fito, mai kauri, kamar daga cikin ganga.

"Saje ya san ni. Ya ƙirga ni a ƙofar bariki, ya ga na yi yawa, ya sa hannu ya ce kowa ya iso lafiya."

Maigidana ya sunkuyar da kai. Malam ya tambayi mai muryar abin da ya fito da shi daga mazauninsa. Ya ce an faka mota a kan ƙofarsa a tsohuwar tashar nan, ya leƙa ya ga kujera babu kowa, ya zauna, kafin ya ankara an yi nisa da shi. Yanzu gida yake so, kuma da yarinyar zai tafi. Malam ya ɗaga murya da karatu. Auta ta gantsare har igiyar ta shige fatarta, tana wani irin gurnani. Sau uku ana haka kafin muryar ta sauko.

"To a ba ni kujerata. Ta arba'in da ɗaya. In na tarar da ita babu kowa, in sauka a tashata, mu rabu lafiya. In na tarar da mutum a kai, a jikinsa zan zauna."

Malam ya juyo ya tambayi maigidana ko ya ji. Ya ce ya ji, akwai motar da za ta bi hanyar ranar Alhamis. Malam ya sa shi ya maimaita alkawarin da bakinsa.

Ranar Laraba maigidana ya dawo bai ci abinci ba. Abin da ya ce kawai, motoci sun yi kaɗan, ogansa ya yi rantsuwa ba kujerar da za ta tafi fanko. Inna ta tambaye shi ya aka yi da maganar malam, ya ce an gama da wannan.

Alhamis da safe bas ta tashi. Kafin azahar Auta ta buɗe ido ta ce a ba ta ruwa. Jifa ya tsaya.

Ranar Lahadi direban ya dawo, da magariba kuma, ina bayan labulen nan. Murya ƙasa-ƙasa ya ce suna isa tsohuwar tashar Dogo ya miƙe ya dinga buga kansa da gilashi har ya tarwatse. Mutum biyar suka riƙe shi, ya karya hannun ɗaya, ya fice ta tagar ya nausa daji. Kwana biyu ana nema. Takalminsa ɗaya aka samo. Maigidana ya ce a bar maganar a ofis, a gida za a ce an yi masa canjin wurin aiki.

Washegari na zo wanki, na sa hannu a aljihun rigar maigidana. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san lamba, na san rubutun mijina. A layi na arba'in da ɗaya sunan Dogo ne, an rubuta shi a natse, babu gogewa, babu gyara.

Daga ɗaki Auta ta kira ni, da ɗaurin goshinta, tana tambaya ko Dogo ya bar mata sallahu kafin ya tafi. Inna tana gefe tana shafa mata kai tana godiya ga Allah.

Na ninke takardar na tura ta ƙarƙashin tukunyar ruwan zafi, na tsaya har ta zama toka. Sannan na leƙa na ce mata ban ji komai ba. Haka zan ce wa duk wanda ya tambaya.