Jinin Da Ya Daskare A Karkace

Da hantsi rahoto ya iske Sufeto Mamduh a ofishinsa na Asyut, ƙasar Masar. Nabawiyya, matar Shahata mai gasa burodi, ta mutu a asibiti, tana cikin waɗanda ake gwada wa sabon magani. Likitan da ya ƙirƙiro maganin, Dakta Rafat, ya ce guba ce daga gida.

Kafin azahar Shahata na bayan kanta. Yayyen matar uku kuwa suka tsugunna ƙofar caji ofis, sun ƙi karɓar gaisuwar mutuwa sai sun ɗauki fansa a kansa.

Sufeto ya nufi asibiti.

"Dakta Rafat, me ya wanke maganinka?"

"Jininta, ranka ya daɗe Basha. Da magani ne ya haukata garkuwar jikinta, da sinadaran garkuwar sun cika jinin. Mun auna, babu." Ya murmusa. "Talaka da matarsa, ai ka san hali."

A ɗakin gwaji, ma'aikaciya Madam Sausan ta buɗe masa firiza.

"Muna tace ruwan jinin, mu daskarar nan take, kwalba a tsaye. In ya narke ya sha zafi, sinadaran lalacewa suke yi."

"Nata ya taɓa narkewa?"

"Wallahi ko sau ɗaya."

Mamduh ya riƙa ɗaga kwalaben a haske. Kowace ƙanƙararta a zaune daidai, ta Nabawiyya kaɗai ta daskare a karkace.

"Madam, ni ba ɗan boko ba ne, amma ina da firji a gida. Wannan ta narke, an kwantar da ita. Wa ya kwantar?"

Ta fashe da kuka. "Dakta ne ya karɓa. Da ɗumi ya dawo da ita."

Rafat bai ko yi gardama ba, aka taho da shi caji ofis.

"A gaban motata kwalbar ta wuni cikin rana. Ƙuruciyata na ƙarar a kan maganin nan, Basha. In zubar saboda macen da dama ciwo ya cinye?"

"Mai burodin fa?"

"Ai da kun sake shi."

"Mu kam da mun sake shi. Yayyenta na waje fa?"

Kofur ya ɗaura wa likitan ankwa.

"Kurkuku za a kai shi, Basha. Ta ƙofar baya?"

Mamduh ya leƙa taga, ya kurɓi shayinsa.

"Shahata ne zai bi ta baya. Dakta ta gaba. Ku tafi a hankali, su ƙare wa fuskarsa kallo."

A waje, mutum ukun nan suka miƙe tsaye.